Firinta Lafiya, Kwamfuta Lafiya, Amma Takarda Ta Ƙi Fita: Yadda Ake Gano Matsalar Tsayayyen Adireshin IP

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO ya fito, ko aka buɗe rajistar JAMB, shagunan kwamfuta na unguwanninmu kan cika maƙil. Wannan yana so a duba masa sakamako, wancan yana so a buga masa takardar shaida, wata kuma ta zo da hoton fasfo za a cika mata fom. A irin waɗannan makonni ne mai shago ke haɗa kuɗin haya da na man janareta. Da yawa daga cikinku kuma, musamman 'yan aji huɗu zuwa shida, a irin waɗannan shaguna kuke yin hutu, kuna taya yayyenku ko iyayen gidanku aiki.

Akwai wata matsala da kan tsayar da aiki cak a irin wannan rana. Firinta a kunne take, da takarda da tawada. Kwamfuta ba ta da ciwon komai. Wayoyi duk a jone suke. Amma an tura aiki, shiru kake ji. Layi yana ƙara tsawo, mutane sun fara zamewa zuwa shagon maƙwabci. A nan ne wani mai shago zai kira mai gyara ya biya, wani ma har ya sayo sabuwar na'ura, alhali babu abin da ya ƙone. Sau da yawa abin da ya rikice bai wuce wasu lambobi huɗu da aka rubuta wa na'urar da hannu ba, waɗanda ake kira tsayayyen adireshin IP.

Ba a gano irin wannan matsala da canki-canka. Bin ta ake yi daki-daki, kuma ɗalibin sakandare da ya natsu zai iya. A wannan makon za mu bi hanyar tare.

Kowace na'ura da lambarta

Idan na'urori biyu ko fiye suka haɗu ta waya ko ta Wi-Fi domin su riƙa musayar saƙo, an samu abin da ake kira netwok ke nan. A ƙaramin shago, uwar wannan haɗi ita ce rawuta, ɗan akwatin nan mai fitilu da ke kawo intanet yana rarraba wa kowa. Kafin saƙo ya tashi daga kwamfuta ya isa firinta, dole ne kowaccensu ta kasance tana da lambar da aka san ta da ita. Wannan lamba ita ce adireshin IP.

Nau'in da aka fi amfani da shi a shaguna, wato IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, misali 192.168.1.20. Kowace ɗaya daga cikin huɗun tana iya kamawa daga 0 zuwa 255, ba ta wuce nan. An fitar da ƙa'idar wannan tsari a Amurka a shekarar 1981, kuma a ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET, kakar intanet ta yau, ta koma aiki da shi. Jimillar adireshin da tsarin zai iya samarwa ita ce 4,294,967,296. A wancan lokaci an ga kamar sun yi yawa, amma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA mai kula da rabon ta ba da rukunin ƙarshe da ya rage a hannunta.

Tun kafin a kai ga haka, a 1994, an ware wasu rukunai uku domin amfanin cikin gida: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda suka kama daga 172.16 zuwa 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Kowa yana iya amfani da su a gidansa ko shagonsa ba tare da neman izini ba, domin ba sa fita waje. Ku ɗauke su kamar lambar ɗaki a makarantar kwana. Kowace makaranta tana da ɗaki na 5, kuma wannan bai taɓa kawo rikici ba. Rikici yana zuwa ne idan a makaranta ɗaya aka samu ɗaki na 5 guda biyu.

Na aro da na dindindin

Hanya biyu ce na'ura ke samun adireshi. Mu kwatanta da kasuwar ƙauye. Mai tallan da ya zo ranar kasuwa, sarkin kasuwa ne ke nuna masa inda zai baza kayansa. Yau nan, mako mai zuwa can, duk inda aka samu fili. Haka wayoyinku ke yi idan suka hau Wi-Fi: su roƙi rawuta, ta ara musu adireshi na wani ɗan lokaci, idan suka tafi ta ba wani. Wannan tsarin rabo shi ake kira DHCP, kuma tun 1993 ake da shi.

Mai rumfa kuwa wurinsa ɗaya ne kullum, domin masu cinikinsa su san inda za su same shi. Wannan shi ne tsayayyen adireshi: mutum ne ke rubuta wa na'ura shi da hannu, kuma ba ya canzawa sai an canza shi. Na'urorin da wasu ke zuwa nema su ne ke buƙatarsa: firintar da kwamfutoci da yawa ke tura wa aiki, da na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro, da kwamfutar da ake ajiye takardun shago ko lissafin ciniki a kanta.

To, a nan gizo ke saƙa. Idan ka rubuta wa firinta adireshi da hannu, rawuta ba ta san ka yi ba. Kamar mutum ne ya kafa rumfa ba tare da ya shaida wa sarkin kasuwa ba. Ranar da ya makara, sai ya tarar an ba wani wurinsa. Kusan duk matsalolin da za mu yi magana a kai daga nan suka samo asali: abin da aka rubuta a jikin na'ura bai dace da abin da ke cikin rawuta ba.

Layuka huɗu da ake cikawa

Duk wanda zai sa tsayayyen adireshi, a kwamfuta ne ko a firinta, layuka huɗu zai cika. Da Turanci suke fitowa a allo, don haka za mu faɗi sunayensu yadda za ku gan su.

Na farko shi ne adireshin kansa, IP Address. Na biyu shi ne Subnet Mask, mu kira shi shingen unguwa, domin shi ke nuna wa na'ura su wane ne maƙwabtanta. A yawancin shaguna 255.255.255.0 ne, kuma ma'anarsa ita ce lambobi ukun farko sunan unguwa ne, ta huɗu ce kaɗai lambar gida. Saboda haka 192.168.1.20 da 192.168.1.105 'yan unguwa ɗaya ne, amma 192.168.8.20 baƙo ne. Irin wannan unguwa tana ɗaukar gidaje 254, daga 1 zuwa 254, domin 0 sunan unguwar ne ita kanta, 255 kuma an keɓe ta don shela ga kowa da kowa.

Na uku shi ne Default Gateway, ƙofar fita. Duk saƙon da ba na cikin unguwa ba ta nan yake bi, kuma a shago adireshin rawuta ne. Na huɗu shi ne DNS, mai riƙe da littafin sunaye, wanda ke juya suna irin google.com ya zama lambar da kwamfuta ke ganewa.

Kowane layi da irin ciwon da yake haifarwa idan aka yi kuskure a cikinsa. Wanda ya san haka ya yi rabin aikin.

Matakan bincike

Mu ɗauka muna da shago mai kwamfuta huɗu, firinta ɗaya, da na'urar naɗar kyamarori. Rawuta tana kan 192.168.1.1, firinta an tsayar da ita a 192.168.1.20. Yau an wayi gari firinta ba ta karɓar aiki.

Mataki na ɗaya, ido da hannu. A duba wayar netwok da ke bayan firinta, a ga ko ta shiga ta zauna, kuma ko 'yar fitilar da ke wurin tana kiftawa. A duba ɗaya bakin wayar a jikin rawuta. Waya mai sako-sako, ko wadda ɓera ya ci, tana ba da alamu iri ɗaya da rikicewar adireshi, kuma minti ɗaya ya isa a gane ta.

Mataki na biyu, a tambayi kwamfuta adireshinta. A kan Windows, sai a danna maɓallin mai tambarin taga tare da harafin R, a rubuta cmd, a danna Enter. Wani baƙin allo zai buɗe. A rubuta ipconfig /all, a sake danna Enter. Layuka huɗun nan za su fito, tare da layin da ke cewa ko DHCP a kunne yake ko a kashe. A kwafe su a takarda. Idan aka ga adireshi mai farawa da 169.254, to kwamfutar ce ta raɗa wa kanta, ko dai don ta roƙi rawuta ba a amsa mata ba, ko don ta tarar wani ya riga ta hawa adireshin da aka rubuta mata.

Mataki na uku, a tambayi firinta nata. Kusan duk firintar da ke hawa netwok tana nuna adireshinta a ɗan allonta, ko ta buga shi a takarda idan aka nema ta cikin saitinta. Kada a dogara da abin da aka tuna, a karanta abin da ta faɗa. Sai a ajiye takardun biyu kusa da juna. Lambobi ukun farko sun yi daidai? Shingen iri ɗaya ne? Ƙofar fita ɗaya ce?

Mataki na huɗu, a yi sallama a ji ko za a amsa. Akwai wani ɗan umarni mai suna ping, wanda wani injiniya Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a watan Disambar 1983. Ya samo sunan ne daga ƙarar na'urar da jiragen ƙarƙashin ruwa ke aika sauti da ita su saurari dawowarsa. A Windows yakan aika saƙo huɗu ya jira amsa. Idan aka ga layi ya fara da Reply from tare da lokacin da saƙon ya ɗauka, an amsa. Idan aka ga Request timed out ko Destination host unreachable, ba a amsa ba. Ana yin sa ne daga kusa zuwa nesa, kamar hawa tsani:

1. ping 127.0.0.1. Wannan kwamfuta ce ke kiran kanta. Idan ta kasa, ciwon a jikinta yake.
2. ping 192.168.1.1, wato rawuta. Idan shiru, a koma kan waya, ko Wi-Fi, ko adireshin kwamfutar.
3. ping 192.168.1.20, wato firinta. Idan rawuta ta amsa amma firinta ba ta amsa ba, an san inda za a mai da hankali.
4. ping 8.8.8.8, wata na'urar kamfanin Google da ke can waje. Idan ta amsa, ƙofar fita lafiya lau.
5. ping google.com. Idan na huɗu ya yi amma wannan ya ƙi, to DNS ne.

Matakin da aka fara jin shiru a kansa, nan matsalar take. Sai dai ku lura, kwamfutoci masu Windows da yawa ba sa amsa ping saboda katangar tsaronsu, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau. Rawuta da firinta su ne suka fi amsawa.

Cututtuka biyar da aka fi gani

*Biyu a rumfa ɗaya.* Wannan ita ce babba, kuma tana da alama mai rikitarwa: aiki ya yi yanzu, an jima ya ƙi. Ga yadda take faruwa. An ɗauke wuta, rawuta da firinta sun mutu. An tayar da janareta, rawuta ta farka, wayoyin mutanen da ke shago suka yi ca a kanta suna neman adireshi. Firinta kuwa ba a kunna ta ba tukuna. Rawuta ta ga 192.168.1.20 babu kowa, ta miƙa wa wata waya. Da aka kunna firinta sai ta hau lambarta ta kullum. Yanzu saƙo wani lokaci ya je firinta, wani lokaci ya je wayar da ba ta san me za ta yi da shi ba.

Gwajin yana da sauƙi. A zare wayar netwok daga firinta, sannan a yi ping 192.168.1.20. Idan aka amsa alhali firinta ba ta kan layi, to wani ne ke zaune a wurinta. Don a gane ko wane ne, a rubuta arp -a. Zai nuna kowane adireshin IP tare da wata lamba ta daban mai haruffa da alƙaluma 12, wadda ake kira adireshin MAC. Wannan daga masana'anta take zuwa da na'ura, kuma galibi a rubuce take a jikinta. Ko kuma a shiga shafin rawuta a duba jerin na'urorin da ke haɗe. Idan kwamfuta ce aka yi wa kutse a adireshinta, ipconfig /all kan nuna kalmar Duplicate a gefen lambar.

*An canza rawuta.* Mai shago ya koma wani kamfanin intanet, ko tsohuwar rawuta ta lalace an sayo sabuwa. Tsohuwar tana kan 192.168.1.1, sabuwar kuma ta zo da 192.168.0.1, ko 192.168.8.1 kamar yadda yawancin ƙananan rawutocin Huawei masu ɗaukar layin waya ke zuwa. Wayoyi da kwamfutoci masu adireshin aro nan take suke bin sabuwar unguwa. Firinta da na'urar kyamarori kuwa suna nan a tsohuwar, su kaɗai. Magani biyu ne: ko a shiga sabuwar rawuta a mayar da adireshinta irin na tsohuwar, wanda gyara ɗaya ne tak, ko a bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya a canza musu. Idan na'urorin suna da yawa, na farkon ya fi sauƙi.

*Tuntuɓen yatsa.* An so a rubuta 192.168 sai aka rubuta 192.186. Ko an bar layin ƙofar fita babu komai. Ko an sa DNS da ba ya aiki. Kowanne da alamarsa. Kwamfutar da ke ganin firinta amma ba ta shiga intanet, a duba ƙofar fitarta. Wadda ke amsar ping 8.8.8.8 amma shafuka sun ƙi buɗewa, a duba DNS, a gwada sa adireshin rawuta, ko 8.8.8.8, ko 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare. Dabarar kama irin wannan kuskure ita ce mutum biyu: ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya yana bin takarda da yatsa.

*Kwamfuta tana aike tsohon gida.* An gyara adireshin firinta, ping ma yana amsawa, amma har yanzu takarda ba ta fita. Dalili shi ne kowace kwamfuta ta ajiye tsohon adireshin tun ranar da aka haɗa ta da firintar. Sai a shiga Printer properties, a buɗe shafin Ports, a gyara lambar, ko a cire firintar a sake sanya ta. A kowace kwamfuta za a yi haka.

*Sarki biyu a gari ɗaya.* Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin baya, sai aka jona wata rawuta da waya. Yanzu masu rabon adireshi sun zama biyu, wataƙila ma dukansu suna kan lamba ɗaya. Wanda ya roƙa, duk wadda ta riga amsawa ita zai bi, sai a wayi gari rabin shago ba ya ganin ɗaya rabin. Magani shi ne a kashe DHCP a rawuta ta biyu, a ba ta adireshinta daban kamar 192.168.1.2, a bar ta farko ita kaɗai tana rabo.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin tarko. Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka sa wa tsayayyen adireshi a shago, idan aka kai ta gida ko makaranta tana iya ƙin shiga intanet, domin unguwar ta canza. Na'urar da ke yawo, adireshin aro ne ya dace da ita.

Rigakafi ya fi magani

Kashe rawuta a sake kunnawa yakan kori matsalar na ɗan lokaci, amma gobe ta dawo. Gyara mai ɗorewa abu uku ne.

Na farko, a raba fili. A cikin saitin DHCP na rawuta akwai inda ake faɗa mata daga wace lamba zuwa wace lamba za ta riƙa arawa. A ce mata daga 100 zuwa 200. Sai a bar 2 zuwa 50 domin masu rumfa: firinta 20, na'urar kyamarori 30, kwamfutar lissafi 10. Daga ranar rawuta ba za ta sake ba baƙo wurin firinta ba.

Na biyu, a yi amfani da ajiyar wuri. Yawancin rawutoci suna da wani saiti mai suna Address Reservation ko makamancin haka. Ana shigar da adireshin MAC na firinta tare da lambar da ake so, sai rawuta ta riƙa ba ta wannan lambar kullum, ba ta ba kowa. Wannan kamar mai rumfa ne ya yi rajista wurin sarkin kasuwa. Amfaninsa shi ne komai yana wuri ɗaya. Sai dai idan aka canza rawuta, dole a sake shigar da jerin.

Na uku, wanda ya fi arha kuma aka fi sakaci da shi, shi ne littafi. Ƙaramin littafin rubutu ya isa. Kowace na'ura da layinta: sunanta, adireshinta na IP, na MAC, inda take, ranar da aka sa, da wanda ya sa. A liƙa 'yar takarda mai ɗauke da lambar a jikin na'urar. A shaguna da yawa, wanda ya haɗa netwok ɗin ya daɗe da barin aiki, kuma ya tafi da lambobin a kansa. Wanda ya gaje shi sai ya kwana yana lalube. Kalmomin sirri kuwa ba a rubuta su a bango, a bar su hannun mai shago.

Ɗaya tsayayyen adireshin: na waje

Kada a rikita abin da muka yi bayani da wani abu mai suna iri ɗaya. Rawuta fuska biyu gare ta. Ta ciki tana kallon shago, ta waje tana kallon intanet, kuma adireshin wajen kamfanin da ke ba da intanet ne ke bayarwa. Shi ma yawanci na aro ne. Mai shagon da ke so ya riƙa leƙa kyamarorinsa ko kwamfutarsa kai tsaye daga gida yana iya neman tsayayye daga kamfanin, kuma galibi biya ake yi.

Saboda ƙarancin adireshi da muka ambata, kamfanoni da yawa, musamman na layin wayar hannu, suna haɗa kwastomomi masu yawa a kan adireshin waje guda ɗaya. Idan aka duba shafin rawuta aka ga adireshinta na waje ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to haka abin yake. Babu wani saiti na cikin shago da zai gyara wannan, sai an yi magana da kamfanin.

Duk wanda ya buɗe wa na'urarsa hanya daga waje kuma, ya tabbata ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin naɗa a faɗin duniya, ta hanyar gwada kalmomin sirrin masana'anta kawai, irin su admin.

Ladabin mai gyara

Netwok ɗin shago dukiyar wani ce, kuma abincinsa ne. Dubawa da ipconfig da ping ba ya canza komai, amma taɓa saiti sai da izini. Ya isa a ce: "Maigida, na ga lambar firinta ta yi karo da ta wata waya. In ka amince zan gyara, ga abin da zan canza." Ku sani kuma, shiga na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015.

Kafin a canza komai, a ɗauki hoton allon da waya, domin a san hanyar komawa. A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a matsa gaba. Wanda ya canza abu biyar lokaci guda, ko ya gyaru bai san wanne ne ya gyara ba. Kada a yi gyaran rawuta shago yana cike da mutane, sai in dole. Sannan a kiyayi ɗan ramin nan na bayan rawuta da aka rubuta wa Reset. Danna shi yana goge duk saitin da aka yi, har da na shiga intanet, sai a tashi daga matsala ɗaya a faɗa goma. Idan aka bi matakan nan duka abin ya gagara, a kira ƙwararre, a miƙa masa takardar da aka rubuta sakamakon kowane mataki. Aikinsa zai yi sauri, kuɗinsa ya ragu.

Ku gwada kanku

Ga tambayoyi uku. Ku rufe amsoshin da hannu tukuna.

1. Kwamfuta tana kan 192.168.0.15, firinta tana kan 192.168.1.20, shingen duka 255.255.255.0. Za su ga juna kai tsaye?
2. Rawuta tana arawa daga 2 zuwa 254, an tsayar da firinta a 20. Wace matsala ce ke tafe?
3. An yi ping 8.8.8.8 an amsa, an yi ping google.com an ƙi. Wane layi za a duba?

Amsoshi: ta ɗaya, a'a, lamba ta uku ta bambanta, ba unguwarsu ɗaya ba. Ta biyu, wata rana rawuta za ta ba wata na'ura 20, a yi karo. Ta uku, layin DNS.

Idan kuka shiga ɗakin kwamfuta na makaranta a wannan mako, ku nemi izinin malaminku ku rubuta ipconfig /all a kwamfutoci biyu da ke kusa da juna. Ku kwafe layuka huɗun kowacce a littafinku, ku gano abin da ya zo ɗaya da abin da ya bambanta, sannan ku yi ƙoƙarin faɗa wa malam dalili.